Daminar da Inna Ta Yi wa Saraya Kara

Ruwan bana ya sauka da wuri. Tun ba a gama sharar gona ba aka yi mai ƙarfi guda, ƙasa ta yi sanyi, sai ga kaɗanya ta fara shigowa kasuwar Birnin Gwari a faranti. Ba ta da yawa kamar da. Masu kawo ta a bakin gari suke tsintowa, inda in an ji motsi za a iya rugowa gida. Shekaranjiya na tsaya gaban wata mata mai sayarwa, na ɗauki ɗaya na latsa da babban yatsa, na ji ta nuna yadda ake so. Matar ta ce in ɗanɗana. Na yi mata godiya na ajiye. Da man kaɗe nake riƙe da kaina har yau, amma tun daminar da zan ba da labarinta ban ƙara kai kaɗanya bakina ba.

Mu mutanen wani ɗan ƙauye ne a bayan Tabanni. Gidaje kaɗan ne, wasu na Hausawa wasu na Gbagyi, rijiya ɗaya muke sha. Daji ya kewaye mu ta ko'ina, kuma itacen kaɗanya ne ya fi yawa a cikinsa. Mahaifiyata sunanta Dije, muna ce mata Inna. Ni ce 'yar farinta, saboda haka har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana Bilki a bakinta ba. "Ke 'yar nan" take cewa. Babanmu ya rasu muna ƙanana, ni da ƙanena Haruna, da man kaɗe ta rene mu. Da na yi aure ma ban yi nisa ba, gidan mijina ana hango shi daga ƙofarta, kullum ina wajenta.

Danga ɗaya ce tsakanin gidan Inna da na Mama Saraya. Ita Kirista ce, 'yar Gbagyi, kuma tun suna amare suke fita tsintar kaɗanya tare. Inna a ka take ɗauko kayanta, Mama Saraya a kafaɗa, irin ɗaukar mutanensu, kuma ba su taɓa gajiya da tsokanar juna a kan haka ba. Inna ta ce kan Bagwariya basarake ne, ba a ɗora masa kaya. Mama Saraya ta ce ta ci gaba dai, wata rana wuyanta zai shige ƙirji a neme shi a rasa. In ka ji su daga nesa sai ka ɗauka faɗa ne. A turmi ɗaya suke daka, a kasko ɗaya suke suya.

Yadda muka gada, in an tsinto kaɗanya sai a tara ta a rami har namanta ya ruɓe, a fitar da ƙwarar, wato ɗan da ke ciki, a kyafe ta a kan wuta. Daga nan sai fashi, daka, suya, niƙa, sannan bugu. Bugun ne ke cin mutum. Mace za ta durƙusa gaban kwano tana dukan ƙullin da hannu, tana ƙara ruwa kaɗan-kaɗan, har farin mai ya taso sama. Kafaɗun Inna ba su taɓa daina ciwo ba. Man da muke samu mai duhu ne, yana warin hayaƙi, in ya daɗe sai ya yi ɗaci. A kasuwar ƙauye muke sayar da shi a dunƙule cikin ganye, kuma ba mu san akwai wani iri ba.

Da bazarar shekarar da ta gabaci wadda nake magana a kai ne mutanen jami'a suka fara zuwa. Zafin lokacin ba na manta shi. Ganye ya bushe har yana karyewa a ƙarƙashin ƙafa, kaji suna buɗe baki a gindin rumbu, ruwan randa da ɗumi kamar an sauke shi daga murhu. Cikin wannan zafin mota ta tsaya a bakin rijiya, wata mata ta fito da ɗalibanta. Sunanta Malama Rahila. Ta ce a jami'arsu akwai sashen da aikinsa shi ne taimaka wa masu ƙananan sana'o'i, kuma sun ji labarin matan kaɗe na yankinmu.

Ba ta fara da koyarwa ba. Cewa ta yi a nuna mata yadda muke yi, ta zauna a kan turmi tana kallo tana tambaya. Da kaɗanya ta fara zuba ta dawo, sannan ta faɗi nata. Ta ce ramin nan shi ne ke sa ƙwara ta fara tsiro, tsiron kuma shi ne ɗacin. A cire naman da wuri, a tafasa ƙwarar tun tana sabuwa, a shanya ta a rana maimakon hayaƙi, a tsince duk wadda ta yi baƙi ko funfuna. Inna ta ce mata ita ma Malama ta san rana ba ta zama a damina. Malama ta ce ta sani, shi ya sa ta zo da yaran nan. Ɗaliban suka kafa mana rumfar shanya a bayan gidan Inna, gado mai raga a sama da ƙasa, da rufin farar leda. Ruwa na zuba a waje, ciki da ɗumi.

Man farko da muka yi ta wannan hanyar, da ya daskare sai matan suka kewaye kwanon suna kallo. Fari ne tas, ba ya warin komai sai nasa. Mama Saraya ta lakata ta shafa a hannu, ta ce wannan ai na matan birni ne, a ɓoye shi kada Dije ta shafe ta ce ta koma yarinya. Malama ta tafi da kaɗan aka gwada a jami'a, ta dawo ta ce ya yi. Ta kawo robobi masu murfi, ta koya mana mu haɗa kai mu zama ƙungiya, man kowa ya zama iri ɗaya, don akwai masu yin sabulu da man shafawa a Kaduna da za su riƙa ɗauka in sun san abin da suka samu yau shi za su samu gobe. Kafin damina ta ƙare an yi ɗauka ta farko. A wannan shekarar Inna ta canza rufin ɗakinta.

Sai kaka ta zo da abin da ta zo da shi. Mutanen daji, haka muke kiran masu bindigar da suka zauna a dajinmu, sun daɗe ana jin labarinsu a wasu ƙauyuka. Wannan karon gonakinmu na nesa suka kai. Dawa ta nuna ana hango ta, ba mai iya zuwa ya yanka. Abin da aka samu a gonakin kusa da gida shi aka zuba a rumbu, bai kai rabi ba.

Yunwa ta riga damina zuwa. Tun cikin bazara aka koma tuwo sau ɗaya a yini. Da safe kunu ne tsararo, wanda in ka duba ƙoƙon kana ganin gindinsa. Da rana ba komai. Haruna ya rame har wandonsa sai da igiya. Yarinyata tana goye a lokacin, nonona ya ragu, tana tsotsa tana saki tana kuka. Inna ta kan ce ta riga ta ci a gidan Saraya, Mama Saraya kuma ta kan gaya wa nata ta ci a gidan Dije. Sai daga baya muka gane ba a ci a ko'ina ba.

Da ruwan farko ya sauka muka fito muka tsaya a cikinsa. Ƙamshin ƙasa ya tashi, kwaɗi suka fara kuka, washegari gari ya waye da sanyi. Tafasa da rama suka fito, aka samu na kwaɗo. Sannan kaɗanya ta fara faɗowa. A shekarun ƙoshi yara ne ke cin namanta don marmari. A wannan shekarar ita ce abincin ranar kowa. Mata su fita da sassafe, raɓa ta jiƙa zane har gwiwa, su dawo da hantsi a zube a tsakar gida. Kowa ya zauna ya ci, ya jefa ƙwarar a kwando. Zaƙinta yana riƙe ciki na ɗan lokaci, daga baya ya bar mutum da jiri. Da yamma a hura ɗanyen itace, hayaƙi na cin ido, a tafasa ƙwarar, a kai rumfa a baza. Ba a kakkaɓe kaɗanya, sai wadda ta faɗo da kanta ake ɗauka, kuma in ta kwana biyu a ƙasa ta fara tsiro. Shi ya sa fitar ta zama ta kullum.

Yanzu a nan gari buhu muke saye daga 'yan kasuwa, ƙwarar da ba mu san gindin da ta faɗo ba. Muna zubewa mu tsince, wani lokaci kashi mai yawa na zubarwa ne. Hannuna ba ya ciwo kamar na Inna, don inji ke yi mana bugu. Amma ban ƙara ganin ƙwara mai kyan ta wannan daminar ba.

Cikin haka saƙo ya iso cewa Malama Rahila za ta zo da magana. Jami'a za ta tara mata masu man kaɗe daga wurare daban-daban, su yi 'yan makonni ana koya musu aiki da inji, da tacewa, da yadda ake cika roba a rufe. Kowace ƙungiya mace ɗaya za ta tura, ita kuma ta dawo ta koya wa sauran.

Da Inna ta ji sai ta ci gaba da aikinta. Amma ni na san ta. Matar da iyakar tafiyarta Birnin Gwari ce, tun ranar da Malama ta ambaci injin da ke bugun mai ba ta daina kewayo zancen ba. Takan tambayi ɗaliban girman jami'ar, ko gaskiya ne ta fi ƙauyenmu da gonakinsa, ko tsofaffi ma ana barinsu su shiga aji. Da saƙon ya zo sai na ga ta fito da zanenta mai ruwan bula daga ƙasan akwati, wanda rabonta da shi tun bikin Haruna, ta wanke ta shanya a igiya. Na tambaye ta ko biki ake yi. Ta ce ƙwari take gudun su cinye shi.

Babu wadda ta yi shakkar wadda za a tura. Inna ce babbar ƙungiya, a bayan gidanta rumfar take, ita ce ke duba man kowa kafin a rufe.

Ranar da Malama ta zo hadari ya haɗu tun azahar. Ta makara a hanya, direbanta kuma bai kashe mota ba, yana ta cewa dole su wuce dajin kafin la'asar. Muka taru a gindin tsamiyar bakin rijiya. Ta yi bayani a gurguje, ta tambaya wa za a tura. Matan suka haɗa baki suka ce Inna Dije.

A wajenmu babbar mace ba ta karɓar abin girma a tayin farko. Sai ta ture shi ga wata, a dawo mata da shi, ta sake turewa, a na uku ta ce to tunda kun matsa. Kowa ya san haka, har yara. Inna ta sunkuyar da kai ta ce a ba Saraya, ta fi ta ƙarfin jiki. Mama Saraya ta ce ina, Dije ce uwar aikin, ita wace ce. Inna ta ce ita da tsufanta da ciwon gwiwa me za ta je ta yi a makaranta, a ba Saraya dai. Ina kallon Mama Saraya ta buɗe baki za ta mayar mata na uku. Daidai nan iska ta taso, aka yi tsawa, direba ya danna ham. Malama ta miƙe tana riƙe gyalenta. Ta ce to shi ke nan, ba abin damuwa ba ne, Mama Saraya ta fara zuwa yanzu, bayan kaka akwai wani zagayen, Inna Dije ce ta farko a cikinsa. Ta faɗi ranar da mota za ta zo, ta shiga, ruwa ya kece.

Ba wanda ya yi laifi. Malama alheri ta zo da shi, kuma a ganinta duka biyun za su je, gaba da baya ne kawai. Direban gaskiya ya faɗa game da hanya. Mu kuma da muke wurin ba mai bakin da zai ce wa babba ba haka take nufi ba.

Da ruwan ya tsagaita Mama Saraya ta tsallako danga. Ina tsakar gida ina juya ƙwara a tukunya.

"Dije, me ya sa kike haka? Kina so. Kowa ya san kina so."

"Wa ya gaya miki?"

"Zanenki na kan igiya ne ya gaya mini."

Inna ta ce ƙwari ne. Mama Saraya ta ce ta bar ta da zancen ƙwari. Ta ce su Hausawa da wannan kara tasu, mutum yana jin yunwa a miƙa masa ya ce ya ƙoshi. Ita ba ta son tafiyar, doyarta na gona, jikokinta na gida, mota ma amai take sa ta. Ta ce ranar da motar ta zo Inna ta shiga kawai, wa zai hana.

"Abin da na bayar a gaban mutane ba na karɓarsa a bayan danga," in ji Inna. "Ki je. Ai Malama ta ce bayan kaka. Ke ki fara zuwa ki gano mini wurin, kada in je in yi ƙauyanci."

"Ko na gano miki sai kin yi."

Suka yi dariya. Mama Saraya ta sake gwadawa washegari, ta turo mijinta, ta turo ni. Da na yi maganar Inna ta dube ni ta ce, ke 'yar nan, yaushe kika fara shiga zancen manya. Zanen ta ninke shi, amma ba ta mayar da shi ƙasan akwati ba. A sama ta ajiye.

Ranar tafiya Inna ce ta ɗauki jakar Mama Saraya har bakin mota, a ka, tana cewa yau dai jakar Bagwariya ta hau inda ya dace. Ta ba ta dunƙulen mai cikin ganye ta shafa a ƙafa. Na ga ta leƙa ta taga ta yi mata magana ƙasa-ƙasa, ban ji me ta ce ba. Mota ta tashi tana zamewa a taɓo.

Marka ta shigo bayan tafiyarta. Kwana da kwanaki ba a ga rana ba. Ruwa siriri ba ya tsayawa, bango ya jiƙe, tabarma ta yi sanyi, gishiri ya narke a kwano. Masara ta yi goyo amma ba ta kai ci ba, rumbu kuwa an share shi har da tsintsiya. Kaɗanyar kusa da gida ta ƙare. Wadda ta rage tana hayin rafi, inda maza ma suka daina zuwa.

Inna ta ƙudura cewa in lokacinta ya yi ba za ta je jami'a hannu biyu ba. Da ƙwararta za ta je, wadda ta tsinta ta tafasa ta shanya da kanta, a sa a injin tana tsaye tana gani. Ta ware wani buhu daban, sai wadda ta fi kyau take jefawa a ciki. Haruna ya roƙe ta ta bar hayin rafi. Ta ce masa in ta bari me yaransa za su ci da rana, kuma mutanen daji shanu suke nema da maza masu ƙarfi, me za su yi da tsohuwa da kwano. Ta ce saura kaɗan buhun ya cika. Maganarta ta farko gaskiya ce, ba wanda ya iya musa ta, saboda haka ba a kai ga sauran ba.

Ran nan an kwana ana ruwa, gari ya waye a lumshe. Yarinyata ta tashi da zazzaɓi, ban fita ba. Inna ta leƙo ta taɓa goshinta, ta ce in dafa mata ganyen darbejiya in yi mata wanka, ta wuce tare da wasu mata. Da hantsi muka ji babura ta wajen rafi, da yawa. Sannan muka ji ƙarar da ba ta tsawa ba. Matan suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, ba kwano, ba takalmi, wata ba ɗankwali. Kowace na tambaya ina Inna sai ta ce tana bayanta. Rafin ya cika a daren, gwiwar Inna kuma ba ta gudu.

Bayan azahar maza suka haɗu suka tafi. Sun same ta a hayin, kusa da ruwa. Ba zan rubuta fiye da haka ba. An yi mata sutura kafin magariba, ƙasa da laushi, haƙan bai ba su wuya ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Kwanakin zaman makoki ina tashi daga cikin mata in zagaya baya in juya ƙwarar da ke rumfa. In ba a juya ba funfuna za ta kama ta. Wata gwaggona ta ce in bari, ba lokacinsa ba ne. Na ce mata to, da ta juya baya na koma.

Ba mu kai kaka a ƙauyen ba. Masara na fara bushewa muka kwashe abin da za mu iya muka shigo gari, mu da gidan Mama Saraya da kusan kowa. Malama Rahila ta neme mu har ta same mu, ta yi gaisuwa. Ba ta sake mu ba. Ita ta yi ta kai da kawo har aka sama wa ƙungiyar inji da ɗakin aiki a nan, kuma har yanzu ɗalibanta suna zuwa in hanya ta yi kyau. Mama Saraya ce ta koya mana duk abin da ta koyo, ta riƙe ƙungiyar har ƙarfinta ya ƙare. Matan da ke ci a wannan ɗakin yau suna da yawa, galibinsu irina ne, waɗanda suka baro wani wuri.

Amma dawowar Mama Saraya nake so in rubuta, don ita ce ta fi zama mini.

Ba a samun waya a ƙauyenmu, saboda haka ba ta ji ba sai da ta sauka a tashar Birnin Gwari, ɗanta ya tare ta ya gaya mata. An riga an yi sadakar bakwai. Da yamma ta iso a bayan babur, ana yayyafi. Ba ta shiga gidanta ba. Ba ta yi kuka a ƙofa ba kamar yadda masu zuwa gaisuwa suke yi. Ta ajiye jakarta a tsakar gida ta ce, "Bilki, buɗe mini ɗakin uwarki."

Na buɗe. Ɗakin yana warin sanyi da man kaɗe. Ta jawo kujerar tsugunno ta zauna tana fuskantar gadon, ta ce in zauna ni ma. Ta ce ranar da za ta tafi Inna ta aike ta. Ta ce mata ta buɗe ido ta kalli komai, kada ta bar ko ɗaya, ta dawo ta ba ta labari tun daga ƙofar shiga. Musamman ta gano mata yadda inji yake sanin mai ya taso, tunda ba shi da hannun da zai ji.

"An aike ni, dole in isar," ta ce.

Sai ta fara, ba ni take kallo ba. Ta ce, Dije, ƙofar wurin ta fi faɗin kasuwarmu, da masu gadi. Ta ce itatuwa a jere kamar an auna, ba mai sare su. An sauke su a ɗaki mai hawa, ta ƙi hawa ranar farko sai da wata mata daga Neja ta riƙe mata hannu. Ruwa a bango yake, ka murɗa ya zo. An ba kowace farar riga da hula, ta ga kanta a madubi ta ɗauka ma'aikaciyar asibiti ce. Ta ce tsofaffi suna shiga aji, akwai wadda ta girme su duka biyun, a gaba ma take zama. Ta faɗi yadda ake wanke ƙwara, da injin fashi, da na niƙa, da kaskon suya mai juya kansa. Hausarta tana zamewa zuwa yarensu tana dawowa, ba ta lura ba.

Da ta zo kan injin bugu ta ce, shi bai san komai ba, Dije. Juyawa kawai yake yi. Mace ce ke tsaye a kansa, ta tsayar da shi, ta sa hannu ta ji, ta ƙara ruwa ko ta bari. Ta ce amma abin da za ki wuni kina bugu har kafaɗarki ta sage, kafin ki gama cin tuwo ya tayar da shi fari fat.

Nan ta tsaya. Na ɗauka ta gama. Ruwa na ɗiga daga bakin rufi, ana jin awaki a waje. Ta daɗe tana jira, sannan ta juyo gare ni.

"A nan ne za ta ce ƙarya nake yi. Ke ce 'yarta. Faɗa mini."

Ban taɓa gaya wa babba haka ba, balle ita. Na ce, Mama, ba zan iya ba. Ta ce in faɗa, in ba haka ba ba ta san yadda za ta wuce wurin ba. Na dubi gadon, na dubi ƙasa.

"Ƙarya kike yi, Saraya," na ce.

"Allah kuwa, Dije. Da idona na gani."

Ta share fuskarta da bakin zane, ta gyara zama, ta ci gaba daga wajen tacewa.